Allurar hana daskarewar jini ta daskarar wa Mama jini, yanzu ta ƙi shan ƙwayar da aka musanya mata

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ce ta zame ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki. Tun daga ranar aikin ake yi mata wata 'yar allura a fatar ciki, Clexane, kullum sau ɗaya, don kada jini ya daskare mata a ƙafa saboda kwanciya. Da aka sallame mu nas ta koya mini, na ci gaba da yi mata a gida. A kwana na tara ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum. Muka koma asibiti, hoto ya nuna gudan jini a jijiyar cinya, gwaji kuma ya nuna filatilet ɗinta, wato ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni, sun sauko daga 260,000 zuwa 70,000. Likita ya ce jikinta ne ya yi wa allurar bore, ya kira abin HIT, ya tsayar da ita nan take. Yanzu mun dawo gida da wata ƙwaya, Xarelto, ita ma ta tsinka jini ce. To Mama ta ce ita da maganin tsinka jini haihata-haihata, kuma jiya da nake gyara mata gado na tsinci ƙwaya biyu a ƙarƙashin filo. Yayanmu yana goyon bayanta. Ya ce ta yaya maganin hana daskarewa zai daskarar da jini, kuskure kawai aka yi ake rufa-rufa. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini, don da hannuna na yi mata allurar nan. Yawa na yi mata ne? Mu 'ya'yanta ma muna da wannan abin a jini? Me zan ce mata ta yarda ta sha maganin?

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ce.

Maganar wane ne da laifi za ta iya jira, amma ƙwaya biyun da kika tsinta abin yau ne. Xarelto ba ya daɗewa a jiki, cikin kwana ɗaya ƙarfinsa ya kusan gushewa. Duk ranar da Mama ta tura ƙwayar ƙarƙashin filo, ta wuni ke nan babu kariya, a daidai makonnin da jininta ya fi saurin daskarewa. Ki kira likitanta yau, kada ki bari sai ranar da aka rubuta muku komawa. Ki faɗa masa sau nawa kike zaton ta tsallake, shi ya ce miki yadda za a ci gaba, kada ki haɗa mata waɗanda ta bari ta sha gaba ɗaya da ra'ayin kanki. In kuwa kika ga numfashi yana yi mata wuya, ko ƙirji yana sukarta, ko ta yi tari da jini, ko yatsun ƙafar sun yi sanyi sun fara duhu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, babu zancen waya, ku nufi asibiti.

Tambayar Yaya tambaya ce ta mai hankali, kuma likitoci sun riga shi yin wannan mamakin. A 1958 wasu likitocin fiɗa biyu a Amurka, Weismann da Tobin, suka ba da rahoton majinyata goma da jijiyoyinsu suka toshe suna tsaka da karɓar hefarin, maganin da daga jikinsa ake yin Clexane. Gudajin da aka ciro daga jijiyoyin ba jajaye ba ne irin na kullum. Fari-fari ne, cunkushe da filatilet da fararen ƙwayoyin jini. A 1973 aka danganta abin da faɗuwar filatilet, aka kuma ga hannun garkuwar jiki a ciki. Sai a 1992 Jean Amiral da abokan aikinsa a Faransa suka gano takamaiman abin da garkuwar ke kai wa hari. Sunan da likita ya ba ku, HIT, wato faɗuwar filatilet sanadiyyar hefarin, ba don Mama aka ƙirƙire shi ba, ya daɗe a littattafan koyon likitanci.

Filatilet 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ke yawo cikin jini, aikinsu su ruga su toshe wuri idan jijiya ta huje. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a ɗigon da bai wuce kan allura ba. A cikinsu suna ajiye da wani furotin, PF4, wanda suke zubarwa cikin jini idan an tayar da su, kuma karaya da babban aikin fiɗa suna tayar da su sosai. Ke nan a makon da aka yi wa Mama aiki jininta cike yake da PF4. Hefarin kuma doguwar sarƙa ce ta sinadaran sukari, cajin lantarkinta kishiyar na PF4 ne, sai su jawo juna. PF4 ya jeru a kan sarƙar ɗaya bayan ɗaya, kamar duwatsun da aka zura a zare. A wannan jeruwar siffarsa takan karkace, sassansa da ke ɓoye su fito fili. Furotin ne na jikin Mama, da shi aka haife ta, amma a sabuwar siffar sojojin jikinta ba su shaida shi ba.

Waɗanda ke fara amsawa su ne ƙwayoyin B, rukunin fararen ƙwayoyin jini da ke ƙera antibodi, wato furotin ɗin da ake manna wa baƙon abu don sauran sojoji su san abin kai wa hari ne. Ƙerar tana cin lokaci, shi ya sa cutar ba ta bayyana a allurar farko ko ta biyu. Tsakanin kwana 5 da 10 ta fi fitowa, kuma kwana na taran da kika ambata cikin wannan tazarar ya faɗa. Ƙwayoyin B ba su kaɗai suke aikin ba. Akwai wasu furotin na garkuwa a ruwan jini da ke yi wa dunƙulen PF4 da hefarin tambari su kai shi gaban ƙwayoyin B, kuma a gwajin ɓeraye an ga in babu ƙwayoyin T masu taimako, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, antibodin ba ya samuwa.

Akwai abin da ke burge ni a nan. Bisa al'ada, in jiki ya gamu da baƙon abu karon farko, wani nau'in antibodi na gaggawa yake fara fitarwa, ƙwararren nau'in da ake kira IgG sai daga baya. A HIT kuwa IgG ɗin ne ke bayyana cikin 'yan kwanaki, har a jikin wanda bai taɓa karɓar hefarin ba, sai ka ce jikin ya taɓa ganin abin. A 2011 Andreas Greinacher da mutanensa a Jamus suka nuna cewa PF4 yana mannewa a bayan ƙwayoyin bakteriya iri-iri, kuma a can ma irin wannan siffar yake ɗauka. Wato jerarren PF4 tsohuwar alama ce da jiki ya sani, ma'anarta ga ƙwayar cuta nan. Hefarin ya haifar da alamar ba tare da ƙwayar cuta ba. Garkuwar Mama ba rauni ta yi ba, aikinta ta yi a inda ba a bukatarsa.

Antibodi yana da hannu biyu da jela. Da hannayen yake cafke PF4 da ke jere kan hefarin. Jelar kuma tana da inda take shiga daram a fatar filatilet, wata makama da ake kira FcγRIIa. Da jeloli da yawa sun shiga makamai da yawa a lokaci guda, filatilet ya ɗauka an huda jijiya: ya yi danƙo, ya manne da 'yan'uwansa, ya zubar da PF4 ɗin da ke cikinsa. Sabon PF4 ya jeru, antibodi ya sake cafkewa, wasu filatilet su sake tashi, haka abin ke ciyar da kansa. Waɗanda antibodi ya lulluɓe kuma, manyan ƙwayoyin share-share da ke cikin saifa su haɗiye su. Wannan ne ya sauko da lambar Mama zuwa 70,000. Ɓargonta bai daina ƙera filatilet ba, cinye su ake yi, wasu cikin gudaji, wasu cikin saifa. Shi ya sa a yawancin cututtukan ƙarancin filatilet zubar jini ake tsoro, a HIT kuwa toshewa ake tsoro, kuma da wuya lambar ta sauka ƙasa da 20,000. In wani cikin dangi ya ce a ƙara mata filatilet tunda sun yi ƙasa, likita zai ƙi, sai fa in tana zubar da jini ko za a yi mata wani aiki, kuma gaskiyarsa.

An daɗe ana ɗaukar cutar rigima ce tsakanin antibodi da filatilet kawai. Ashe makamar nan ba filatilet kaɗai ke da ita ba. Monosayit, wasu manyan fararen ƙwayoyin jini, suna da ita, kuma PF4 yana manne wa fatarsu da ƙarfi ko babu hefarin. In antibodi ya kama su, sai su fito da furotin ɗin da ke kunna daskarewar jini daga tushe. A ƙa'ida a wajen jijiya wannan furotin yake zama, jini ba ya haɗuwa da shi sai an ji rauni. Yanzu ga shi yana yawo a tsakiyar jini, jiki ya shiga ƙera tirombin ba ƙaƙƙautawa, sinadarin da ke mayar da jini guda, wanda shi ma yake ƙara tayar da filatilet. Ɓerayen da aka cire wa monosayit gudajinsu sun ragu, duk da filatilet ɗinsu sun ci gaba da faɗuwa.

Sai nutrofil, waɗanda suka fi yawa cikin fararen ƙwayoyin jini. A 2004 masu bincike a birnin Balin na Jamus suka bayyana wata dabarar yaƙinsu: nutrofil yakan warware DNA ɗinsa ya watso shi waje, ya zama raga mai danƙo da ke kama ƙwayoyin cuta. A HIT antibodi da filatilet ɗin da suka riga suka tashi suna sa nutrofil ya watsa wannan ragar a cikin jijiya, babu ko ƙwayar cuta ɗaya. Ragar ta tare filatilet da jajayen ƙwayoyin jini, gudan ya ginu a kanta. PF4 kuma ya manne mata, ya tamke ta, har sinadaran da jiki ke narkar da irinta da su su kasa. Bincike biyu, ɗaya daga Amurka a 2018, ɗaya daga Ostireliya a 2019, su suka fito da wannan fili. A na biyun, da aka hana nutrofil ɗin ɓeraye yin ragar, ko aka narkar da ita, gudaji ba su ginu ba, amma filatilet sun faɗi yadda suka saba. Wannan bai zama maganin da ake bai wa mutane ba tukuna, amma ya nuna faɗuwar lamba daban, toshewar jijiya daban, kuma fararen ƙwayoyin jini ne ke riƙe da babban kaso na ta biyun.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya shafi ƙwayoyin ƙarƙashin filo kai tsaye. Bangon cikin jijiyoyinmu yana lulluɓe da wasu sarƙoƙin sukari masu kama da hefarin. PF4 yana jeruwa a kansu su ma, antibodi kuma ba ya bambancewa. Saboda haka ko an tsayar da allura, ko ɗigon hefarin na ƙarshe ya fita daga jiki, antibodin yana nan, monosayit da nutrofil da ya riga ya tunzura suna nan, tirombin yana ci gaba da samuwa. A 1996 Warkentin da Kelton na Jami'ar McMaster a Kanada suka duba majinyatan da aka gano musu HIT tun kafin su yi gudan jini, aka tsayar musu da hefarin ko aka mayar da su kan wafarin, wata tsohuwar ƙwayar tsinka jini, kawai. Cikin kwana 30 kusan rabinsu sun samu toshewar jijiya. Mama kuwa ta riga ta yi guda ɗaya a cinya, irin wanda kan ɓalle ya tafi huhu.

Abin farin cikin shi ne wannan antibodin ba mazaunin dindindin ba ne. A jikin rabin majinyata yakan ɓace tsakanin kwana 50 da 85, gwargwadon gwajin da aka auna da shi, kuma zuwa kwana 100 yawanci ya tafi. Wata ukun da ake bai wa wanda HIT ya haɗa masa da gudan jini yana shan magani, shi ne ke riƙe mutum har antibodin ya gama fita kuma gudan ya lafa.

Ƙwayar da take ɓoyewa ba dangin allurar ba ce, aikin da ake so su yi ne kawai ɗaya. Xarelto ɗan ƙaramin sinadari ne, ba sarƙar sukari ba, babu inda PF4 zai jeru a jikinsa, don haka antibodin Mama ba shi da abin kamawa. Kai tsaye yake tare matakin da ke haifar da tirombin. Ba zan ce miki ba shi da haɗari ba. Kowane maganin tsinka jini yana iya sa zubar jini, sai ki lura da baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, ko in ta faɗi ta bugu a ka. Ta sha shi da abinci, don haka ya fi shiga jiki. Kada a ba ta asfirin, ibufurofen ko diklofenak don ciwon ƙugu sai da sanin likita, haka ma duk wani haɗin ganye. In kuma wata rana maganin ya yanke, wani ya ce a ɗan koma allurar kafin a samu, ko a fara wafarin, kada ku yarda. Allurar dai kin san dalili. Wafarin kuwa a kwanakinsa na farko yana fara karya wani furotin da ke hana daskarewa kafin ya kai ga masu daskararwa, kuma a jikin mai HIT wannan giɓin ya isa ya kashe yatsu ko ƙafa. Ba a fara shi sai filatilet sun koma 150,000, kuma tare da wani maganin na 'yan kwanaki.

Yanzu ke. Ba ki yi mata da yawa ba. Da yawan Clexane ne matsalar, jini za ta zubar. HIT ba ruwansa da wuce ƙima: ɗan hefarin da ake wanke bututun ƙarin ruwa da shi ya taɓa haddasa shi. Ba wurin da kika soka ba ne, ba sa'ar da kika yi ba ce. Da a gadon asibiti ta ƙarasa kwanakin, nas na yi mata, ƙwayoyin B ɗinta haka za su ƙera antibodin a rana ɗaya da wadda suka ƙera. Abin da ya rataya a wuyanki shi ne ki ga kumburin ki mayar da ita da wuri, kuma kin yi. In rashin barcin ya zarce mako biyu ko uku, ki faɗa wa likita ke ma, mai jinya yana bukatar a duba shi.

Yaya kuma ina ganin kada ki yi musu da shi a gaban Mama. Shi take ji, kuma muddin yana cewa kuskure aka yi, ƙwayar ba za ta wuce maƙogwaronta ba. Ki roƙe shi ya raka ku ganin likita, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Bayar da allurar daidai ne: in ba a ba da kariya ba, kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa babban aikin ƙugu ko gwiwa ana samun gudan jini a jijiyoyin ƙafarsu idan aka bincika. HIT da irin su Clexane bai kai mutum 1 cikin 100 ba, amma haɗarin yakan ninka kusan sau goma in aka yi amfani da tsohon hefarin mai doguwar sarƙa, don tsawon sarƙa ne ke ba PF4 wurin jeruwa. Babu gwajin da ake yi kafin a fara da zai nuna wa zai kamu. Ko samuwar antibodin ma ba ita ce cutar ba: bayan aikin zuciya har kusan rabin majinyata kan ƙera shi, amma 1 zuwa 3 cikin 100 ne ke rashin lafiya.

Amma akwai tambayar da yake da haƙƙin yi. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Jini ta Amurka ta fitar a 2018 sun ba da shawarar a riƙa auna filatilet duk bayan kwana 2 zuwa 3, daga kwana na 4 zuwa na 14, ga wanda ke karɓar irin wannan allurar bayan babban aiki ko babban rauni. Ya tambaya ko an tsara wa Mama wannan gwajin da aka sallame ta. In an tsara, shi ke nan. In ba a tsara ba, ya kai ƙorafinsa a rubuce ga shugabannin asibitin, cikin natsuwa, zai amfani wani majinyacin. Ko wace amsa ya samu, ba ta canza bukatar Mama ga ƙwayar.

Ya kuma tambaya yadda aka tabbatar da cutar. Likitoci suna da ma'aunin maki da suke kira 4T: girman faɗuwar filatilet, lokacin da ta faru, ko akwai sabon gudan jini, da ko akwai wani dalilin da zai iya jawo faɗuwar. Kowanne daga 0 zuwa 2. Daga wasiƙarki kawai, faɗuwar da ta wuce rabi maki 2 ne, kwana na tara maki 2, gudan cinya maki 2. Shida ke nan tun ba a zo na huɗu ba, kuma 6 zuwa 8 shi ne mataki mafi girma, ana tsayar da hefarin ba tare da jiran sakamako ba. Gwajin jini kuma iri biyu ne. Na farko yana duba ko antibodin yana nan. Na biyu yana duba ko ruwan jinin majinyaci yana tayar da filatilet ɗin mai lafiya in an haɗa da hefarin, shi ne mai yanke hukunci, sai dai manyan ɗakunan gwaji ne ke yin sa. Ku nemi kwafin duk wanda aka yi mata.

Mama ba taurin kai take yi ba. An ce mata ga magani zai kare ki, ta miƙa cikinta kullum, ya cuce ta, yanzu an sake kawo wani da suna iri ɗaya. Kowa ne zai ja baya. Kada ki nuna mata ƙwayoyin da kika tsinta a gaban mutane, kada kuma ki daka mata a abinci, don ranar da ta gane ba za ta sake karɓar komai daga hannunki ba. Ki zauna kusa da ita ku biyu, kwalin allurar a hannu ɗaya, na ƙwayar a ɗayan. Ki ce, "Mama, wannan shi ya cuce ki, an raba ki da shi. Wannan kuwa ba ɗan'uwansa ba ne, shi ke tare ɓarnar da wancan ya bari, kuma na wata uku ne." Ki tambaye ta me take tsoro, ki bar ta ta faɗa har ƙarshe. Wataƙila jiri take ji in ta sha, ko ta ga jini a dasashi ta yi shiru, irin wannan kuwa likita ne zai ji. Sannan ki ba ta abin da za ta gani da idonta. Bayan tsayar da hefarin filatilet yawanci suna farfaɗowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ki samu takarda ki rubuta 70,000 a sama, duk gwajin da aka yi ki ƙara sabuwar lamba a ƙasa, ki karanta mata. In Yaya ya gamsu, ki bar shi ya riƙa miƙa mata ƙwayar da kansa ko na kwanakin farko.

Ku 'ya'yanta ba ku gaji komai ba. HIT ba cutar gado ba ce, antibodi ne da jikinta ya ƙera a haɗuwar karaya, fiɗa da hefarin. Ba kwa bukatar gwaji, kuma in wata rana likita ya rubuta wa ɗayanku hefarin bayan aiki ko lokacin juna biyu, kada ya ƙi saboda Mama.

Ita ce ke bukatar kati, musamman a wata ukun nan. In aka sake ba ta hefarin antibodin yana jiki, ba za a jira kwana biyar ba, cikin sa'o'i filatilet za su faɗi, wani lokaci da zazzaɓi da rawar sanyi da sarƙewar numfashi jim kaɗan bayan allurar. Ki sa likita ya rubuta da hannunsa: HIT, sunan maganin yadda yake a kwali, wato heparin da enoxaparin, ranar da aka gano, da sakamakon gwaji. Kwafi ɗaya a jakarta, hotonsa a wayarki da ta Yaya. Ku nuna shi duk inda za a sa mata ƙarin ruwa, don ana wanke bututu da hefarin, akwai bututan da ake shafe cikinsu da shi tun daga masana'anta, kuma da shi ake amfani a injin wankin ƙoda da aikin zuciya. Bayan antibodin ya ɓace, akwai halin da ƙwararrun likitocin jini kan yarda a yi amfani da hefarin na 'yan sa'o'i a aikin zuciya, bayan gwaji ya nuna babu shi. Wannan hukuncinsu ne, ku dai naku ku faɗi tarihin kowane lokaci, ko bayan shekara goma. Ragowar alluran Clexane da ke gida kuma ki tattara su yau ki mayar wa masu ba da magani na asibitin, kada wani ya ɗauka ya yi mata da kyakkyawar niyya ranar da ba kya nan.